Gwanin da ke tayar da tsohon kibod

A shekarar 1985 kamfanin IBM ya fito da kibod ɗin da ake kira Model M, mai nauyin kusan kilo 2, kuma har yau akwai marubuta da masu shirya manhaja da ba sa yarda su taɓa wani in ba shi ba. Ƙarƙashin kowane madanni akwai siririn sifirin da ke lanƙwashewa idan an danna, ya tunkuɗa wata 'yar guduma ta roba, ita kuma ta matse fallayen leda masu zanen hanyar wuta. Daga nan ƙarar nan tasa ta "ƙas" take fitowa. Amma shekaru ba sa barin komai yadda yake, kuma a nan gwanin gyara ke burge ni, domin yakan gano ciwon tun bai kwance ko noti ɗaya ba.

Da farko yana bin madannan ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Idan guda ya daina ƙara, ya san sifirin ne ya goce. Sai ya zare madannin, ya ɗaga gaban kibod ɗin har sifirin ya koma mazauninsa, ya mayar, shi ke nan. Idan kuwa ƙarar na nan amma harafi bai fito ba, sai ya ɗauki biro ya rubuta waɗanda suka mutu. Madannai sama da 100 ba kowanne ke da wayarsa ba. An jera su ne kamar saƙa, zaren tsaye da na kwance, kowane madanni a mahaɗar biyu. Don haka idan rukuni guda ya mutu tare, layi ɗaya ne ya katse. Sai ya ɗora mitar gwada wuta yana bin zanen har ya tarar da inda shayin da ya zube shekarun baya ya ci shi, ya goge da sifirit, ya cike gurbin da tawadar azurfa mai ɗaukar wuta.

Idan kibod ɗin duka ya yi shiru, ba ya saurin zarginsa. Yakan fara da kebul da fulogi, domin tsohon Model M ya fi na zamani jan wuta, kuma wasu adafta masu araha na PS/2 zuwa USB ba sa iya ɗaukarsa.

Babban aikin sai an ji wani abu na kaɗawa a ciki idan an girgiza. Ƙananan ƙusoshin roba ne, waɗanda suka ɗaure farantin madannai da farantin ƙarfe na baya, tsufa ya gatse kawunansu. Da zarar waɗanda suka gatse sun yi yawa, matsin ya saki, wani sashe ya yi lagwaf. Gwani zai yanke sauran da kurfi, ya huda kowane gurbi a miƙe, ya jera gudumomin nan da sifirinsu ɗaya ɗaya, ya shimfiɗa ledar, sannan ya ɗaure da ƙananan notuna. Ɗaurin ma da awo: ya yi tsanani madanni ya cije, ya yi sako-sako harafi ya ƙi fita. Haka zai yi ta juya noti kaɗan, ya danna, ya saurara, har ƙarar ta daidaita daga wannan gefe zuwa wancan.

Kamfanin Lexmark ya karɓi ƙirar daga IBM a 1991, kamfanin Unicomp kuma ya gaje ta a 1996 a jihar Kentucky ta Amurka, yana ci gaba da yin kibod ɗin da kayan gyaransa. Wanda ya iya wannan aiki ya cancanci yabo, domin abin da wasu za su jefa bola shi yake mayarwa kan tebur, da notunan da na baya zai iya kwancewa ya sake gyarawa.