Masu Bin Sawun Annoba

Ranar 20 ga watan Yulin 2014, wani fasinja mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas. Daga Laberiya ya taso, zai wuce Kalaba taron ƙungiyar ECOWAS. Ko filin jirgin bai bari ba jiki ya ƙi, aka kwashe shi zuwa wani asibiti mai zaman kansa a unguwar Obalende, mai suna First Consultants. Da fari an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ce ta ga abin ya wuce nan, ta yi zargin Ebola, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata a kan ta bar shi ya tafi taronsa. Sawyer ya mutu ranar 25 ga Yuli. Ita ma likitar ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta.

Sunan Adadevoh ya shiga tarihi, kuma ta cancanci fiye da haka. Sai dai kafin ta tsare shi a ɗakin nan, mutumin ya riga ya ratsa ta hannun jama'a: waɗanda suka tarbe shi, direban da ya ɗauko shi, nas-nas ɗin da suka sa masa ƙarin ruwa, masu sauya zanen gado. Kowannensu ya koma gida, ya ci abinci da iyalinsa, ya shiga motar haya. Birnin kuwa mai mutum kusan miliyan 21 ne, ga cunkoso, ga likitocin gwamnati suna yajin aiki a daidai wannan lokaci. Duniya ta zuba ido tana jiran mummunan labari. Amma da ƙura ta lafa, mutum 20 ne suka kamu a duk faɗin Najeriya, 8 suka rasu, alhali cutar nan ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo. Babban kaso na wannan nasara aikin wasu mutane ne kimanin 150 da kusan babu wanda ya san sunayensu, masu bin sawun cuta. Sana'arsu ta daɗe tana burge ni, domin kayan aikinta ma'aunin zafin jiki ne, da takarda, da waya, da iya magana da mutumin da tsoro ya cika wa ciki.

Ebola tana da wata kafa guda da ake kama ta. Wanda ya ɗauki cutar ba ya yaɗa ta sai alamu sun bayyana, kuma alamun kan fito ne tsakanin kwana 2 zuwa 21. Ba a iska take tafiya ba. Sai an taɓa jini, ko amai, ko gudawa, ko gumin majinyaci, ko gawarsa. Saboda haka idan aka san duk wanda ya taɓa majinyaci, aka riƙa ganinsa kullum har kwana 21, aka ɗauke shi ran da zazzaɓi ya fara, to cutar ba ta da inda za ta tsallaka. A baki abin da sauƙi. Wahalar tana cikin sanin "duk wanda ya taɓa".

Nan ne gwanintar farko take, wato iya tambaya. Idan ka ce wa mara lafiya, ko matar da ta yi jinyarsa, su lissafa maka waɗanda suka yi hulɗa da shi, za su ambaci mutum huɗu ko biyar, su ce shi ke nan. Ba ƙarya suka yi ba, haka ƙwaƙwalwa take. Gwani ba ya tambayar sunaye, kwanaki yake tambaya. Ran da zazzaɓin ya fara, ina kuka kwana? Wa ya kawo ruwan wanka? Da ya yi amai, wa ya kwashe? Wa ya wanke zanen? A wace mota aka kai shi asibiti, wa ya riƙe shi a baya? Kafin asibitin, an biya kemis? An kira mai addu'a? Kowace amsa tana fito da mutum biyu ko uku da aka manta: 'yar aikin da ta yi wanki, maƙwabcin da ya taimaka aka sa shi a mota, yaron kemis ɗin da ya yi masa allura. Kamar mai bin sawun shanun da aka kora da dare ne, wanda ba ya tsallake ko taku ɗaya don ya san inda ya tsallake nan garken ya karkata. Da irin wannan tambaya aka tara sunaye 894 a Najeriya.

Sannan a raba su. Wanda ya wanke gawa ko ya goge amai ba ɗaya yake da wanda ya zauna a falo ɗaya da majinyaci ba. An fi sa ido a kan na farkon, amma ba a sakin kowa.

Daga nan sai zirga-zirga. An ƙiyasta cewa ma'aikatan nan sun kai ziyarar ido da ido kusan sau 18,500, a cikin cunkoson motocin Legas, a tsakiyar damina. Ƙa'idar ziyarar kanta abin lura ce. Mai bin sawu ba ya zuwa cikin farar rigar nan mai rufe jiki ruf da ake gani a talabijin, domin ranar da ya shiga layi da ita, ranar mai gidan haya zai fara neman korar mutumin, masu shago su daina karɓar kuɗinsa, a hana yara wasa da 'ya'yansa. Da kayan gida yake zuwa, kamar baƙo. Yana tsayawa daga waje, da tazarar da ta wuce miƙa hannu. Ba ya musabaha. Idan an kawo kujera ba ya zama, ba ya jingina da komai, idan an kawo ruwa ba ya sha. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san nauyin wannan: ka je ƙofar mutum, ya miƙo hannu ka ƙi karɓa, ya kawo ruwa ka ce a'a, sannan kana so gobe ma ya buɗe maka ƙofa, jibi ma haka, har sau 21. Dole gaisuwar baki ta yi aikin da hannu bai yi ba. Ka tambayi yara da sunayensu, ka tuna jiya ya ce maka mahaifiyarsa ba ta jin daɗi, ka bayyana masa tun ranar farko cewa ƙin taɓa shi ba ƙyama ba ce, haka kake yi a kowane gida.

Sai a auna zafin jiki a rubuta. Idan ya kai digiri 38, an shiga wani babi. Amma ma'auni ba ya faɗin komai da komai, don mai tsoron a ɗauke shi yana iya haɗiyar farasitamol kafin baƙon nasa ya iso. Shi ya sa gwani yake kallon mutum yayin da suke hira. Jiya a tsaye ya tarbe ni, yau yana dafe da bango. Idonsa ya yi ja. Matarsa da ta saba fitowa gaisuwa yau ta maƙale a ɗaki. Wanda ke kiran waya kawai ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ya sa aka dage sai an je da ƙafa.

Ranar da alamu suka fito ita ce ranar da ake gane ko an gina amana ko ba a gina ba. Mutum ya ji cewa wanda aka kai wurin killacewa a unguwar Yaba da ke Legas, 'yan'uwansa ba za su taɓa shi ba, in ya mutu ba su za su yi masa sutura ba. Mai bin sawu ba shi da sanda, ba shi da ankwa. Abin da yake da shi gaskiya ce: wanda aka kai da wuri, aka riƙa mayar masa da ruwan da jikinsa ke zubarwa, ya fi samun damar tashi, kuma kowace sa'a da ya ƙara a gida 'ya'yansa yake jefawa cikin haɗari. A Najeriya mutum 12 cikin 20 ɗin nan sun warke sun koma gida, kuma kowane wanda ya fito da ƙafarsa ya sauƙaƙa wa ma'aikatan shawo kan na gaba.

An ga kuma abin da sakin mutum ɗaya ke jawowa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi hulɗa da Sawyer ya sulale daga Legas a farkon Agusta ya tafi Fatakwal, inda wani likita ya yi masa magani a ɓoye a ɗakin otal. Shi ya warke. Likitan ya kamu, ya ci gaba da duba marasa lafiya, 'yan'uwa da abokan ibada suka yi ta zuwa dubiya, ya rasu ranar 22 ga Agusta. Daga wannan tsallake guda aka sami ɗaruruwan sababbin sunaye, aka sake ɗaura ɗamara daga farko a wani birnin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙarshe an bi sawun kowa da kowa a Legas, a Fatakwal kuma kashi 99.8 cikin 100.

Yayin da ake wannan, ga wata gobarar ta daban. Da yawa a Arewa ba su manta daren nan na farkon Agusta ba, da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba, 'yan'uwa na cewa a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha. Mutane sun sha, an kwantar da wasu a asibiti, wasu sun rasa rayukansu, a jihohin da Ebola ba ta taɓa takawa ba. Shi ya sa masu bin sawu ba su tafi su kaɗai ba. Akwai ayarin masu wayar da kai da suka bi gida-gida a kewayen inda ake sa ido a kan wani, har suka shiga gidaje kusan 26,000, suna bayyana yadda cutar ke yaɗuwa da yadda ba ta yaɗuwa. Unguwar da ta fahimci haka ba ta korar maƙwabcinta, shi kuma wanda bai ji tsoron kora ba, ba ya gudu.

Wannan ƙwarewa ba daga sama ta faɗo a 2014 ba, kuma a nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Cibiyar ɗaukin gaggawa da ta ja ragamar yaƙin Ebola an tsara ta ne bisa salon wadda aka kafa a 2012 don yaƙi da cutar shan inna, kuma Dokta Faisal Shu'aib, wanda ya jagoranci cibiyar Ebolar, daga can aka ɗauko shi. Da yawa daga cikin jagororin masu bin sawun sun fito ne daga shirin horar da masu binciken annoba da Najeriya ta fara a 2008, kuma sun goge a aikin shan inna. Aikin shan inna kuwa a Kano da Katsina da Sakkwato da Barno ya fi zafi. Bayan dakatar da rigakafin da aka yi a Kano a 2003, ma'aikatan lafiya sun koyi darasi mai tsada: takardar gwamnati ba ta buɗe ƙofar gida, sai an bi ta hannun mai unguwa, da liman, da ungozoma, da matar layin da kowa ya yarda da ita. Sun koyi zana taswirar unguwa gida-gida, da komawa gidan da aka tarar ba kowa, da zama kowace yamma a bi alƙaluman ranar ɗaya bayan ɗaya, a tambayi wanda bai cika aikinsa ba dalili. Wannan tarbiyya ce aka kwasa zuwa Legas. A ganina, matan nan masu hijabi da ke yawo da akwatin rigakafi a rana suna da rabo a cikin sanarwar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ranar 20 ga Oktoban 2014, cewa Najeriya ta rabu da Ebola, bayan kwana 42 ba a sami sabon kamu ba, wato ninki biyu na kwana 21.

Korona da ta zo a 2020 ta fi ƙarfin wannan dabara ta wani ɓangaren, domin tana bin numfashi, kuma mutum na yaɗa ta tun bai san yana ɗauke da ita ba. A Kano, cikin watan Afrilu, masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce yadda aka saba, yawancinsu dattawa. An riga an binne su, babu gwajin da za a yi. Sai aka koma ga iya tambaya. Ma'aikata suka bi gidajen makoki, su yi sallama, su yi ta'aziyya, su ce Allah ya jiƙan Baba, sannan a hankali su tambayi Hajiya ko babban ɗa: ya yi tari? Numfashi ya riƙa yi masa wuya? Kwana nawa ya yi a kwance? Yana da ciwon suga ko hawan jini? Daga amsoshin nan ne ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce sanadinsu.