Caji da Lambar Oksidashan: Tsokaci a Kan Fassarar Kalmomin Kimiyyar Sinadarai

Tun da Dalhatu Muhammad ya shirya Hausa Metalanguage a 1990, manazarta harshe da adabi suka sami madogara wajen keɓaɓɓun kalmominsu. Mai koyar da kimiyyar sinadarai da Hausa kuwa sau da yawa shi ne ke ƙirƙiro tasa fassarar a gaban allo. Wannan maƙala za ta dubi wata al'ada guda da ake cin karo da ita, wato amfani da kalmar "caji" ga cajin ayon da kuma lambar oksidashan baki ɗaya.

Abubuwan biyu sun sha bamban. A gishirin miya, NaCl, sodiyam ya saki elektiron ɗaya ya zama Na⁺, kulorin ya karɓa ya zama Cl⁻. Wannan caji ne na zahiri. Ita kuwa lambar oksidashan lissafi ce ta ƙaddarawa: a ƙaddara cewa duk elektiron ɗin da atom biyu suka yi tarayya a kansa ya koma hannun wanda ya fi ƙarfin jan sa. A gishiri lissafin biyu sun dace, daga nan ne ruɗanin ya samo asali. Amma a dubi MnO₄⁻. Cajin ayon ɗin gaba ɗaya −1 ne. Oksijin huɗu sun ba da −8. Saboda haka lambar manganis +7 ce, alhali babu wani ayon Mn⁷⁺ da ke yawo a cikin ruwan. Ɗalibin da aka ce masa "cajin manganis bakwai ne" an koya masa abin da babu shi, kuma da harshen uwa aka koya masa, wanda ya fi wuyar kankarewa.

Hatta rubutun ya bambanta su. Ana rubuta caji da lamba kafin alama, Fe³⁺, a rubuta lambar oksidashan +3, ko III bisa tsarin da Alfred Stock ya gabatar a 1919.

Masu fassara oksidashan da "tsatsa" ma ba su tsira ba. Kalmar tana da daɗin ji, ta kuma dace da ƙarfen da damina ta ci. To amma sodiyam da ya haɗu da kulorin ya yi oksidashan ba tare da ko ƙwayar oksijin ba, kuma babu Bahaushen da zai ce gishiri ya yi tsatsa. A ganina aro ya fi dacewa a nan: a bar "caji" ga ayon kaɗai, a ce "lambar oksidashan" ga lissafin. Duk kalmar da wani zai kawo a madadinta, a gwada ta da Fe₃O₄, inda matsakaiciyar lambar ƙarfe take +8/3, adadin da babu ayon da zai iya ɗauka a matsayin caji.