Jinjina ga Masu Ƙera Ƙwallon Titleist

Nauyin ƙwallon golf ba ya wuce giram 45.93, amma aikin cikinta ya fi ƙarfin girmanta. A 1932 wani mai wasan golf, Phil Young, ya haska ƙwallonsa da na'urar hoton ƙashi, ya tarar ƙwayar cikinta a karkace take. Takaicin nan ne ya haifi Titleist a 1935, a jihar Massachusetts ta Amurka.

Ma'aikatan Titleist na garin New Bedford sun riƙe amana. Su daidaita ƙwaya a tsakiya, su lulluɓe ta da siririn ɓawo mai laushi, su bincika kafin ta fita. Da ƙwallonsu ta Pro V1 ta fito a 2000, ƙwararru suka rungume ta, don tana cin nisa, kuma tana tsayawa inda aka nufa. Ma'aikata, da guminku kuka sayi sunan nan. Sannunku da aiki!