Hemingway: Tsohon masunci da rigimar da ta biyo bayan fim

Mai karatu, hutun da ya wuce na ɗauki kwamfutata daga Jega zuwa Aliero don mu kalli wani tsohon fim tare da abokai. Fim ɗin shi ne The Old Man and the Sea na 1958, wanda John Sturges ya ba da umarni, Spencer Tracy kuma ya fito a matsayin tsohon masunci Santiyago. Mu shida ne a shagon wani abokina, ƙamshin albasa na shigowa ta taga kamar yadda Aliero ta saba. An gama kallo lafiya. Rigima ta tashi ne da na yi suɓul-da-baka na ce marubucin littafin, Ernest Hemingway, shi ya kashe kansa a ranar 2 ga Yuli, 1961, a gidansa da ke Ketchum, ƙasar Amurka.

Wani malamin sakandare daga Maiyama, wanda ya shekara da shekaru yana koyar da littafin, ya dube ni ya ce, "Wallahi da na san haka da ban sa yara sun karanta littafin ga ba." Wani matashi kuma, ɗalibin jami'a, ya yi tsalle ya ce yanzu ne ya gane labarin: tsohon nan Hemingway ne, tekun duniya ce, ƙashin kifin kuma wasiyyarsa ce. Na ce musu duk su biyun ban yarda ba, har yau kuma ban canza ra'ayi ba.

Na fahimci malam. Kisan kai haramun ne, babu Musulmin da zai ja da wannan, ni ma ban zo in yi wa abin kwalliya ba. To amma me ke cikin littafin? Tsoho ne da ya kwana 84 bai kama ko tarwaɗa ba. Iyayen yaronsa Manolin sun janye shi, sun ce tsohon ya zama mai ƙashin tsiya. Ya shiga teku shi kaɗai, ya yi kwana uku yana ja-in-ja da kifin da ya fi kwalekwalensa tsawo, ya kama shi, sannan kifayen shak suka cinye naman kafin ya iso gaɓa. Ya dawo da ƙashi, ya kwanta, yaron ya kawo masa abin sha, suka shirya komawa ruwa tare. Duk wanda ya taɓa zama da masunta a bakin gulbin Zamfara, ko ya ga masu goran Argungu suna kokawa da giwan ruwa, ya san wannan haƙurin. Ina darasin fid da rai a nan? Littafin ya fito a 1952, shekara tara kafin mutuwar. Yaran Maiyama da suka karanta shi juriya suka koya, kuma abin da ya faru a 1961 bai koma baya ya goge ta ba.

Na ɗalibin ne ma ya fi damuna, don shi yana ganin girmamawa ce yake yi. Da zarar an ce marubuci ya kashe kansa, sai masu karatu su zama 'yan sandan ciki, kowane layi a mai da shi shaida. A ƙarshe mutuwar ce ake karantawa, littafin ya koma ɗan rakiya. Alhali tsakanin littafin da mutuwar an sha ruwa da yawa. A 1954, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel, jirgin sama ya faɗi da shi sau biyu cikin kwana biyu a Yuganda, ya ji rauni mai tsanani har a kai. Ga shaye-shaye, ga ciwon damuwa da ya kai shi asibiti a 1960 aka yi masa jinya da lantarki. Mahaifinsa ma haka ya ƙare a 1928. Wannan tarihin majinyaci ne, ba fassarar labarin Santiyago ba. Kuma in kana da wani a gida mai irin wannan alama, asibiti za ka kai shi, ba ka ce baiwar marubuta ce ba.

'Yan fim ma sun faɗa wannan rami. A wanda aka yi na talabijin a 1990 da Anthony Quinn, an ƙirƙiro wani marubuci Ba'amurke da matarsa an cusa su cikin labarin, suna zaune a gaɓa suna fama da matsalar aurensu. Don me? Don a tuna mana da mai littafin. Duk lokacin da kyamara ta bar teku ta koma kansu sai fim ɗin ya yi sanyi. Na 1958 kuwa nasa laifin daban ne: biyayya ta yi masa yawa, murya na ta karanto littafin a kan hoto, ga shi wasu fitowa kana gani ka san a kwamin ruwa na sutudiyo aka ɗauka. Amma aƙalla labarin ya tsaya a inda mai shi ya ajiye shi.

Sai babban gwaji, wato rubutun da mamaci ya bari bai gama ba. A nan magada suka yi abin da ni dai bai kwanta mini ba. The Garden of Eden ya fito a 1986 bayan wani edita ya zubar da fiye da rabin rubutun, har da wasu taurarin labarin. A 1999 ɗansa Patrick ya tace rubutun tafiyar farautarsa a Kenya ya fitar da True at First Light. A Moveable Feast kuwa matarsa Mary ce ta tsara shi a 1964, jikansa ya sake tsara shi a 2009, kowa da yadda yake so a ga kakan gida. Sunan mutum ɗaya ne da manyan baƙaƙe a bango, amma almakashin na wasu ne, shi kuma ba ya nan balle ya ce a'a. Kwatanta da David Foster Wallace, wanda shi ma ya kashe kansa a 2008. Da aka buga The Pale King a 2011, an faɗa ƙarara cewa ba a gama shi ba, editan ya bayyana yadda ya harhaɗa takardun. Wannan ya fi kusa da riƙon amana.

Kada ka ce wannan matsalar Turawa ce. Mu da marubutanmu ke sakin littafi na ɗaya da na biyu, mai karatu na jiran na uku, ka taɓa tambayar kanka wa zai taɓa rubutun in ta Allah ta kasance? Yanzu ma da ran marubuciya ake kwashe littafinta a WhatsApp, a karanta shi a YouTube, a canza ƙarshe, ba izini ba sisin kwabo. Ina ga wadda ta rasu, balle wadda aka ce mutuwarta abin kunya ce, dangi na gudun a ambaci sunanta?

Kafin mu watse na nuna musu na Aleksandr Petrov, ɗan Rasha, fim na kusan minti 20 da ya zana da fenti a kan gilashi, ya fito a 1999 ya ci Oscar. Babu wanda ya yi magana har ya ƙare. Malam bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba. Amma da muka zo tasha zai hau motar Maiyama, ya miƙo mini wayarsa ya ce in tura masa na Petrov ɗin, 'yan aji uku za su so su ga girman kifin.