Jinjina ga Maginan Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga soron ƙasa da tsakar rana a watan Afrilu ya san bashin da maginan gargajiya ke bin mu. Waje rana na ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar gindin randa, ba fanka, ba janareto. Kaurin bango ne ke tare zafin yini.

Dubi magini a bakin aiki: ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, rana ta busar masa kyauta. Ya jera azara, ya shafe bango da makuba saboda damina. In gini ya tsufa ya zube, ƙasarsa ake sake jiƙawa a tada wani.

Wannan gwaninta ce ta sa Masallacin Yama na jihar Tawa, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, tsohon masallacin ƙasa aka gyara ya koma ɗakin karatu a 2018.

Sannunku da aiki, magina. Matasa, ku je ku koya tun masu sani na raye.