Gidan Nabame da Abin da Ya Adana wa Kabawa

Daga Gulma zuwa Argungu ba wata tafiya ba ce, shi ya sa da yawanmu ba ma tunawa da Gidan Tarihi na Kanta sai mun yi baƙo. Ni kuwa ina yawan komawa, kuma ginin kansa ne ya fi jan hankalina.

Asalinsa fada ce. Mutanen gari Gidan Nabame suke ce masa, da sunan Yakubu Nabame, wanda ya ta da Kabawa a 1849 bayan shekarun da ya yi a hannun Sakkwato. Sarakuna sun zauna a ciki har 1942 da aka koma sabuwar fada, a 1958 kuma aka buɗe shi ga jama'a da sunan Muhammadu Kanta, mai Surame, wanda ya ƙi biyayya ga Askiya na Songhai. A nan ake binne sarakunan Kabi. Wannan kaɗai ya sa mai shiga yake rage murya, ya yi wa magabata addu'a kafin ya fara kallo.

Cikin sassa goma sha ɗaya na gidan, na makamai ne ya fi cika ido: takubba, masu, baka da kwari, bindigogin gargajiya da tambura. Amma ni wajen layu nake daɗewa. Ɗinkin fatar ya yi baƙi don tsufa, kuma kowace laya tana nuna cewa jarumin da ya rataya ta bai dogara da ƙarfin damtsensa kaɗai ba. Wanda ya tsaya a nan zai gane yadda Kabawa, bayan faɗuwar Birnin Kebbi a 1805, suka yi ta yi wa Sakkwato turjiya har zamanin Sarki Sama, suna riƙe da addininsu da kuma al'adun ruwa da suka gada.

Inda nake ganin gidan bai kai inda ya kamata ba shi ne labarin sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su don karramawa, daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali, har UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. A wurina wannan ziyara ta kai kowane yaƙi nauyi, amma mai kallo yakan fita da amon tambari fiye da labarin homa da gora. Haka kuma mafi daɗin bayani a bakin masu zagayawa da baƙi yake. Ina fatan a naɗi muryoyinsu, a rubuta da Hausar boko da ajami kusa da kowane kaya, don ɗalibin da ya zo daga Gulma ko Augie ya karanta da kansa.