Banjon da Ake Haɗawa a Gida

Banjo kayan kiɗa ne, galibi mai tsirkiya biyar, ta biyar ɗin gajera ce, da ɗan yatsa babba ake kaɗa ta. Bayi 'yan Afirka ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17, da ƙwarya da fata da sanda, abin da zai tuna wa Bahaushe gurmi. A shekarun 1840 William Boucher na birnin Baltimore ya shiga ƙera shi don sayarwa, da da'irar katako a maimakon ƙwarya. Daga baya ƙarfe ya yi yawa a jikinsa, kuma a ƙarshen shekarun 1950 roba ta fara korar fata.

Yanzu a Amurka akwai masu komawa ɗakin kafinta na bayan gida su haɗa nasu da hannu. Abin bai taɓa mutuwa ba a tsaunukan Apalachiya, inda irin su Frank Proffitt na jihar Karolina ta Arewa suka riƙe shi, sai dai taron masu banjo baƙar fata da aka yi a garin Boone a 2005 ya ƙara jawo hankali ga asalinsa.

Aikin na mai haƙuri ne. Da'irar, wadda faɗinta yakan kai inci 11, ko dai a lanƙwasa katako da tururi, ko a manna gutsattsari a daidaita. Wuyan ne wurin da ake gane gwani. In ya karkace ko kaɗan inda ya haɗu da jikin, tsirkiya ta yi nisa da yatsu ko ta riƙa gogar katako, aikin makonni ya tashi a banza. Sai fatar akuya, a jiƙa ta, a ɗaura, a ɗora jaki bayan ta bushe.

Masu suka suna cewa fata tana saki da damina, sautin ya mutu. Gaskiya ne, duk makaɗin da ya taɓa gasa gangarsa ya san haka. Amma banjon masana'anta ƙara ce ta yi masa yawa, taushin muryar da ƙwarya da fata ke bayarwa kuwa roba ba ta da shi.

Inda yayin haɗa banjo a gida yake da rauni shi ne masu sayen sassa da inji ya gama yankewa, su ɗaure da kusoshi, su ce aikin hannu ne. Wannan harhaɗawa ce. Wanda bai sassaƙa wuyan da kansa ba bai ƙera banjo ba.